Wata da tauraro a saman bangon tunawa da sojojinmu: a sa ko a bari?

Nasiru: Assalamu alaikum jama'a. Ga inda aka kwana kan maganar bangon tunawa da 'yan unguwarmu da suka rasu a bakin daga. Mai unguwa ya nuna mana wuri, kusurwar nan ta gaban firamare inda masu lemo ke zama da yamma. Filin na ƙaramar hukuma ne, an kuma ce ba za a hana ba muddin ba a tare hanya ba. Sunayen da muka tattara zuwa jiya 14 ne, har da Yaya Sani, wanda da yawanku kun sani tun yana tsaron gida a ƙwallon layinmu.

Zanen da aka kawo bango ne da ya ɗara tsayin mutum kaɗan, da allon marmara a tsakiya, sunaye a jere. A can sama jinjirin wata da tauraro na ƙarfe, ƙarƙashinsu ayar nan ta Ali Imrana mai cewa kada a zaci waɗanda aka kashe a tafarkin Allah matattu ne. Da na gani sai da na yi hawaye, ba zan ɓoye ba. Amma da na koma gida na sake bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, sai na tsaya a kan uku daga ciki. Kirista ne, 'ya'yan bariki da muka tashi tare. Tun daren nan raina bai kwanta ba. Kafin a ba mai walda kuɗin ƙarfe ina so kowa ya faɗi abin da ke ransa, musamman iyalan mamatan.

Aminu: Wa alaikumus salam. Nasiru, ni ban ga abin hana barci a nan ba. Nan fa Sakkwato ce, Cibiyar Daular Usmaniyya, ko a lambar motarmu haka aka rubuta. Cikin 14 ɗin, 11 Musulmi ne. Da a Inugu ko Fatakwal ake wannan gini, kana jin za a tsaya jin ta bakin Musulmi biyu ko uku kafin a kafa gicciye? Ba mu cire sunan kowa ba, ba mu zagi kowa ba. Kullum mu ne ake so mu ɓoye addininmu, har a cikin garin Shehu. Ni wannan ya ishe ni.

Yakubu: Salama alaikum 'yan uwa. Bitrus da ke lamba ta 9 a jerin ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A barikin Giginya aka haife mu duka. Babanmu daga Zuru ya zo, ya yi yaƙin basasa, ya gama aiki ya ƙi komawa gida, ya ce nan ne gidansa. Ranar da labarin Bitrus ya zo, matan layinku ne suka fara cika tsakar gidanmu kafin ma 'yan cocinmu su ji. Mahaifiyar Nasiru kwana uku tana aiko da tuwo da kunu. Ba zan manta ba har in koma ga Allah.

Malam Aminu, ban ce a ɗora gicciye ba, ban kuma ce ku ɓoye addininku ba. Kiran salla ke tashe ni da asuba shekara arba'in da wani abu, bai taɓa damuna ba. Tambayata ɗaya ce. Ranar da zan riƙo hannun Mama in kawo ta ta ga sunan ɗanta, ta ɗaga kai ta ga alamar da ba tata ba a samansa, me zan ce mata? Ita ba za ta yi magana ba, na san halinta. Za ta yi godiya ta koma gida, kuma ba za ta sake dawowa wurin ba.

Aminu: Allah ya ba ku haƙuri Yakubu. Bitrus mutumin kirki ne, ni shaida ne. Amma maganata tana nan.

Malam Bello: Bismillah. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyalai dangana. Ina ganin an tsallake tambayar farko an faɗa ta biyu.

Aminu ɗana, wata da tauraron da kake karewa ba alama ba ce da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar mana. Tutarsa baƙa ce, akwai kuma fara. Daular Turkawa ce ta yaɗa wata da tauraro har duniya ta ɗauke su alamar Musulunci. Wanda ya bar su bai bar komai na addini ba.

Ayar ce ta fi tayar mini da hankali. Na farko, mu ba mu yanke wa wani mutum shahada da sunansa. Fata muke yi masa, mu roƙa masa. Imamu Buhari babi guda ya ware cewa ba a cewa wane shahidi ne. Na biyu, ku je ku dubi kusurwar nan da idonku. Ƙura, awaki, yara da ƙwallo, da masu tsugunawa bayan bango in dare ya yi. Nan za a rubuta maganar Allah a tafi a bar ta?

Batun ginin kansa, hadisin Sayyidina Ali da ke cikin Muslim, na kada a bar mutum-mutumi sai an shafe shi, kada a bar kabari mai tudu sai an daidaita shi, a kan gumaka da kaburbura yake. Wannan ba kabari ba ne, kuma alhamdu lillahi ba a zana soja riƙe da bindiga ba. Don haka ban ce haramun ba ne. Sai dai in shawarata ake nema, kuɗin marmara ya fi amfanin mamatan in aka haƙa rijiyar burtsatse. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi wace sadaka ta fi, aka ce masa ruwa. Ya haƙa rijiya ya ce wannan ta Ummu Sa'ad ce. Kun ga ga ruwa, ga kuma suna.

Aminu: Allah gafarta Malam, na karɓi gyara kan tuta. Amma yau duk inda aka ga wata da tauraro an san Musulmi ne. Ko a saman hasumiyar masallacin da kake limanci akwai shi.

Malam Bello: Akwai shi, kuma masallaci na Musulmi ne su kaɗai. Bangon nan na mutum 14 ne.

Hadiza: Salam. Bari in sa baki ta fuskar aikina na lauya, don irin wannan rigimar ta kai har Kotun Ƙolin Amurka. A wani gari da ake kira Bladensburg a jihar Maryland akwai wani gicciye na kankare mai tsayin ƙafa 40 a tsakiyar mahaɗar tituna. An kammala shi a 1925 don tunawa da mutum 49 na wannan yanki da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga baya filin ya koma hannun hukuma, ana kula da shi da kuɗin jama'a. Wata ƙungiya ta kai ƙara cewa gwamnati ta fifita addini ɗaya. A watan Yunin 2019 kotun ta yanke, alƙalai 7 suka ce a bar shi, 2 suka ƙi.

Masu son alama sukan kawo wannan hukunci a matsayin nasara, amma a duba dalilin. Abin da ya ceci gicciyen tsufansa ne. Alƙalan da suka rinjaya cewa suka yi abin da ya kusa shekara 100 a tsaye ya zama tarihin gari, rushe shi yanzu zai yi kama da gaba da addini, kuma barin tsoho daban yake da kafa sabo. Mai shari'a Ginsburg, wadda Bayahudiya ce, ta ƙi yarda. Hujjarta ita ce kamar yadda tauraron Yahudawa bai dace a karrama soja Kirista da shi ba, haka gicciye bai dace da sojan da ba Kirista ba.

Mu sabo za mu kafa. Tun ran gini tun ran zane. Duk abin da muka ɗora a saman bangon nan yau, nan da shekara 30 ba mai iya sauke shi ba tare da an zub da jini ba, kun fi ni sanin garinmu. Sannan filin na hukuma ne, sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 kuma ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Ban ce wani zai kai mu kotu ba. Ina dai so mu san a kan ƙasar wa muke gini.

Aminu: Barista, sashe na 10 ɗin nan a takarda kawai yake. Gwamnati na da hukumar alhazai, tana da ta masu zuwa Urushalima. Ana hutun Salla, ana hutun Kirsimeti. Jiharmu na da kotunan shari'a. Kuma ki dubi bajen sojan Najeriya, rubutun Larabci ne a jiki, Nasrun minallah. Bitrus da shi ya yi aiki, da shi ya mutu, bai ce an zalunce shi ba. To me ya sa sai a bangon unguwarmu abin zai zama laifi?

Hadiza: Wannan hujja ce mai ƙarfi, ba zan raina ta ba. A 2020 wani lauya a Legas ya kai ƙara kan wannan rubutu na soja da kuma ajamin da ke jikin naira. Ta nairar dai kotu ta kore ta a 2024. Ƙasarmu ba irin Faransa ba ce, inda tun 1905 doka ta hana kafa sabuwar alamar addini a gine-ginen hukuma da dandalin jama'a. Ko can ɗin ma an bar ƙofa ga wuraren ibada da maƙabartu da abin da aka gina don mamata. Kuma su ne suka gina babban masallacin Paris, aka buɗe a 1926, don girmama Musulmin da suka mutu suna yi musu yaƙi.

Yakubu: Malam Aminu, gaskiya ne. Babanmu ya fi shekara 30 da wannan rubutu a jikinsa, kuma ya san ma'anarsa. Yakan ce mana wannan maganar tamu ce mu duka, don a littafin Karin Magana, sura 21 aya 31, an ce ana shirya doki don ranar yaƙi amma nasara ta Ubangiji ce. Kalmar da ni da kai za mu ce amin a kanta ba ta dame ni ba, da kowane harafi aka rubuta ta. Wata da tauraro kuwa ba zan iya cewa nawa ba ne, kamar yadda ba zan so a rubuta sunan Sani a ƙarƙashin gicciye ba. Wallahi da ni zan fara hanawa.

Dakta Umaru: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ku ba ni dama in ɗan ja, don abin ya taɓo darasin da nake koyarwa.

Mu fara da gida. Yaƙi mafi girma da garin nan ke tunawa shi ne na ranar 15 ga Maris 1903, da rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta fuskanci mutanen Sarkin Musulmi Attahiru a bayan ganuwa. Da me muke tuna shi? Da sunan itace. Giginya. Filin wasa Giginya, bariki Giginya, makaranta Giginya. Kakanninmu da suka fi mu riƙon addini ba su kafa ƙarfe a wurin ba. Amma ku tambayi ɗalibi ya kawo sunan mutum biyar da suka faɗi a ranar suna kare tuta, zai yi shiru. Ni ma da ƙyar. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara tare da ɗaruruwan mutanensa, shi muka riƙe, su sun tafi ba suna. A Satiru, nan kusa da mu, a 1906 an kashe mutum wajen 2,000. Sunayen Turawa ukun da aka kashe a farkon rikicin suna nan a rubuce, na talakawan Satiru babu.

Wani abin da ba mu cika son faɗa ba: sojojin da suka harba bindiga a Giginya baƙaƙen fata ne, da yawansu Hausawa, hafsoshin ne Turawa. Rundunar sojan Najeriya ma tana ƙirga asalinta daga 1863, daga mutum 18 da Glover ya tara a Legas ake kiransu Hausawan Glover. Wato a filin nan masu kalmar shahada sun tsaya ta ɓangarori biyu. Shi ya sa nake jin nauyin a ɗora alamar addini a kan yaƙin gwamnati, kowace gwamnati ce.

Sai Turawan Ingila. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sun yi wannan gardamar da muke yi. Dutsen tunawa da ke tsakiyar Landan, wanda aka buɗe a 1920, ba gicciye a jikinsa, don matattun daularsu akwai Musulmi da Hindu da Sikh. A maƙabartun yaƙi kuma suka yi duwatsun kabari iri ɗaya, janar da farabiti tsayi ɗaya, amma kowa da alamar addininsa a nasa dutsen. Na Musulmi da yawa an rubuta Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk da haka sun kafa babban gicciye a yawancin maƙabartun, ba su kuɓuta gaba ɗaya ba.

To mu ina aka bar mu? A watan Afrilun 2021 hukumar da ke kula da waɗannan kaburbura ta fitar da rahoto ta nemi gafara. Ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, mai yiwuwa har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunayensu ba ko ba a tuna da su ba sam. Da yawa 'yan dako ne masu ɗaukar kaya a ka. Abin da aka hana kakanninmu ke nan, suna. Shi ya sa da Nasiru ya fara yawo gida gida yana tattara sunaye na ba da abin da na bayar. Ƙarfen da ke sama ban ma lura da shi ba sai yau.

Baba Garba: Salamu alaikum ɗiyana. Jikana ka rubuta min wanga, ni idanu sun yi rauni. Dakta ya tuna min da mahaifina. Ya yi yaƙin Boma. Daga Ikko anka sa su jirgin ruwa, sunka sauka Indiya, kana anka shiga da su daji. Akwai adaka tashi ta ƙarfe, har yau tana ɗakina, ciki da minda da kakin da asu ya cinye. Duk ran da ya buɗe ta sai shi kira sunan wani abokinai, Dogo, mutumin ƙasar Jos. Ba Musulmi ba na. Kwano guda suka ci. Anka harbe shi bakin wani gulbi, Baba da mutum ukku sunka gina rami da shebur. Ya ce ba su san addu'ar mutanensu ba, kuma ba su yi mai salla ba tunda ba tashi ba ta. Sunka rufe shi, sunka kafa icce, sunka rataya hulatai bisa. Har Baba ya rasu bai bar kiran sunan Dogo ba, mu ɗiyanai duk mun hardace shi, alhali ko hotonai ba mu taɓa gani ba.

Ni ban da ilimin da zan ce a sa ko a bari, wanga na malamai na. Amma kar ku bari gardamar ƙarfe ta sa aikin shi mutu. Na ga irin haka da yawa garin ga.

Dakta Umaru: Allah ya ƙara lafiya Baba. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ce ta yi wannan yaƙi, Hausa kuma ita ce harshen bariki a tsakanin sojojin Najeriya. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai ginshiƙai masu sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da 'yan Najeriya a ciki. In akwai wata takarda a adakar mai lambar rundunarsu, zan zo in duba, ko Allah zai sa a dace da cikakken sunan Dogo.

Shehu magini: Ni aikin hannu na sani, bari in faɗi nawa. Duk bangon da na gina a bakin titi a garin nan, kafin siminti ya gama bushewa an manna masa fosta. Lokacin kamfen kuwa har hawa uku, wani kan wani, da ruwan fulawa. Marmara in ta sha wannan sau biyu ta tashi daga aiki. In dai za a yi, sai an kewaye da ƙarfe an sa ƙofa, allon kuma ya hau sama da inda hannun yaro ke kaiwa. Wata da tauraro na ƙarfe a waje ma ina tsoron 'yan jari bola. In burtsatsen Malam za a yi, ginin da ke ɗauke da tanki yana da fuska huɗu, ɗaya ta isa sunaye 14 har da saura, kuma wurin ruwa ba ya rabuwa da idon mutane.

Rifkatu: Ina gaishe da iyaye da yayye. Ni ƙanwar Ishaku ce, lamba ta 12. Yaya Yakubu ya yi magana da lallashi, ni zan faɗa yadda take a cikina. Yayana Kirista ne, da Littafi Mai Tsarki a aljihun kakinsa aka same shi. Ba na so a ce don a zauna lafiya sai an goge wannan. In za a sa wata, a sa gicciye kusa da shi, girma ɗaya. In ba za a iya ba, a bar duka.

Amma ko da kun yarda a sa, ni ce zan fara jin tsoro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna garin nan a watan Mayun 2022 da aka sa dokar hana fita, mun san kwanakin da muka yi a ƙulle. Gicciye a bakin titi, dare ɗaya wani yaro da bai san Ishaku ba zai zo da guduma. Da safe a ce an fasa, wasu su ce a rama, sunan yayana ya zama sanadin fitina. Gara ba a rubuta shi ba da haka.

Aminu: Rifkatu, wallahi duk wanda ya taɓa sunan Ishaku sai ya fara bi ta kaina. Shi ya koya mini tuƙin babur. Gicciye a saman bango ne ba zan iya sa kuɗina a ciki ba, addinina bai ba ni ba, ba kuma zan yi miki ƙarya ba.

Rifkatu: Na gode da ba ka yi mini ƙarya ba, Yaya Aminu. To ka ga abin da kake ji game da gicciye, shi nake ji game da wata.

Maryam: Assalamu alaikum. Ban saba magana a nan ba. Ni ce matar marigayi Sani. A Maiduguri aka rufe shi, a maƙabartar sojoji, ban taɓa ganin kabarin ba. Ɗanmu Abba yana da wata bakwai lokacin, yanzu yana aji biyu a firamaren nan da za a yi ginin a gabanta. Rannan ya dawo ya ce Umma, kowa na zuwa maƙabarta ranar Juma'a gaida babansa, ni ina nawa yake? Na rasa amsa, na shiga ɗaki.

Allah gafarta Malam, ayar nan da ka ce kada a sa, ita ta riƙe ni. Lokacin takaba kullum sai na karanta ta kafin in iya barci. Da na ji za a rubuta ta na yi murna ƙwarai. Amma na ji bayaninka, kuma na ji Rifkatu, ciwonmu ɗaya da ita. Ayar tana cikin Alƙur'anina, ba mai fitar da ita daga can. Abin da nake roƙo kawai a yi wurin da Abba zai sa yatsa ya ce wannan babana ne. In zai yiwu a bar kowane gida su zaɓi 'yar kalmar da za a sa a gaban sunan nasu, mu namu Allah ya jiƙansa ya isa.

Malam Bello: Allah ya yi miki albarka 'yata, ya raya Abba. Ba don in rage miki komai na faɗa ba. Annabi da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye a kan kabarin Usmanu ɗan Maz'un don ya riƙa gane wurin ɗan uwansa, son a san inda naka yake ba aibi ba ne. Addu'a gajeriya a gaban suna ban hana ba, da sharaɗin abin da Shehu ya faɗa, a ɗaga a kuma kewaye, tunda sunan Allah na ciki. Abu ɗaya zan ƙara tun yanzu: in 15 ga Janairu ta zo, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, kada a mayar da wurin na ajiye furanni da sunkuyar da kai. Sojoji na da nasu tsarin a inda suke yi. Mu namu mu taru a masallaci mu yi musu addu'a, su Yakubu su yi a coci.

Yakubu: Malam, furanni a wurinmu ba bauta ba ce, gaisuwa ce. In Mama ta zo da fure ɗaya a hannunta ba na so wani ya tare ta.

Malam Bello: Ba wanda zai tare ta. Da Musulmi nake magana.

Nasiru: Akwai wata matsalar da ban kawo ba. Na karanta wa Inna, mahaifiyarmu ni da Yaya Sani, duk abin da aka rubuta. Ba ta ce komai ba kan wata da tauraro. Tambayarta ita ce da wane rubutu za a sa sunan, don ita boko ba ta iya ba, ajami take karantawa. Ta ce in da boko ne kawai, sai dai a nuna mata a ce ga shi nan, ita kuma so take ta gano shi da kanta. Na san iyaye mata da yawa a cikin gidaje 11 ɗin haka suke. To shi ajamin alamar addini ne ko ba ita ba ce?

Dakta Umaru: Ajami Hausa ce da haruffan Larabci. Abin da ke jikin takardar 1,000 Naira dubu kawai yake cewa. An cire shi daga 5 da 10 da 20 da 50 a 2007, aka cire daga 100 a 2014, ya rage a 200 da 500 da 1,000, kuma duk lokacin sai an yi hayaniya kamar aya aka goge ko aka rubuta. 'Yan mishan ma sun buga sassan Linjila da ajami don su kai ga masu karanta shi.

Rifkatu: Dakta, mu da muka tashi a nan mun san haka. Baƙon da ya zo daga kudu ya ga sunan Ishaku da waɗannan haruffa zai ce an musuluntar da shi bayan ransa. Na yayana a bar shi da boko. Na Yaya Sani a rubuta da duka biyun, Inna ta karanta abinta, ni zan raka ta ma.

Yakubu: Na Bitrus sai na tambayi Mama. Gida na uku kuma, iyalan Markus, sun koma Zuru bara, ba kowa nasu a nan. Kada a yanke musu. Zan nemo lambar matarsa.

Aminu: Ni har yanzu ina ganin saman bangon zai yi fayau ba komai, kamar ba a Sakkwato aka yi shi ba. Ban canza ra'ayi ba. Amma ba zan janye gudummawata ba, kuma in burtsatse aka tsayar, buhun siminti biyar na kaina. A rubuta cewa na ce a sa, aka fi ni yawa.

Hadiza: Ba a ƙirga ba tukuna, Malam Aminu. Gidaje uku kawai suka yi magana cikin 14. In an tashi, a samu amincewar kowane gida a rubuce, da takardar filin daga ƙaramar hukuma. Zan tsara su ba ko kwabo.

Nasiru: To na kira mai walda na ce ya dakata. Daga gobe bayan la'asar zan fara bin gidajen da ba su yi magana ba, da zane biyu a hannu, na bango da na tanki. Malam, ina roƙon ka raka ni gidajen da ke da tsofaffi. Yaya Yakubu, kai kuma mu je gidan su Rifkatu tare. Shehu, ka kawo mana lissafin kewaye da ƙofa kafin Juma'a.

Maryam: Nasiru, kafin ka kai wa mai sassaƙa, a jerin da ka turo an rubuta Sani kawai da sunan Baba. Sunansa na yanka Muhammadu Sani, haka Inna ke so, haka kuma Abba ya iya rubutawa. A gyara.